Hannun Gwaggo

Yammacin ranar bai zo da wata alama ba. Umma tana durƙushe a bakin famfo tana ɗauraye kwanuka, Baba ya dawo daga rumfarsa ta walda ya zauna kan benci yana kwance igiyar takalmi, rana ta yi jajir ta soma zamewa bayan katangar maƙwabta. A ƙofar ɗakin 'yan mata kuma Likita ce zaune da ƙaton littafi buɗe a gefenta, ta kama hannun ƙanwarta na dama ta ɗora a gwiwa tana yi masa zane da biro.

Likita ba ta zama likita ba tukuna, shekararta ta biyu ke nan a makarantar koyon aikin. Amma tun ranar da aka ɗauke ta Baba ya binne sunanta na yanka, ko baƙo ne ya kira ta da shi sai ya gyara masa. In tana karatu ba a kunna rediyo a gidan, ba a aikenta, ba ta taɓa tsintsiya. Ƙanwar tata, Auta, ɗinki take koyo a shagon wata mata a bakin titi, kuma Allah ya ba ta hannu, ita ce ma ta ɗinka wa yayar farar rigar shiga aji. Ita babu wanda ya canza mata suna, ba ta kuma taɓa sa abin a ranta ba.

Zanen nan tsohuwar dabarar Likita ce. Abin da ta karanta a littafi sai ta bi shi a kan fatar mai rai, hanyoyin jini da jan biro, jijiyoyin motsi da shuɗi, har hannun Auta ya koma kamar taswira. Matsalar ɗaya ce, Auta ba ta jure cakulkuli. Da bakin biro ya taɓa tafinta sai ta ƙyalƙyale ta janye, layi ya karkace, Likita ta ja tsaki ta ce ta tsaya mana, ita kuma ta rantse tana ƙoƙari.

Ranar dai Likita ta ƙara wani abu. Ta jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin zaninta, ta juye wasu ƙananan ƙasusuwa farare guda takwas a tafinta, ta ce wa Auta na roba ne, a makaranta ake ba su aro. Ta shiga jera su a kan wuyan hannun yarinyar, huɗu a sama huɗu a ƙasa, kowanne a daidai inda ɗan'uwansa yake kwance ƙarƙashin fata, tana kiran sunayensu a hankali. Da ta ɗora na ƙarshe sai ta lura dariyar ta ɗauke. Auta tana kallon hannunta kamar na wani.

"Yaya, sanyi suke min," ta ce.

A lokacin aka soma kiran sallar magariba, a lokacin kuma tsakuwar farko ta faɗo kan kwanon rufi. Ta biyu ta biyo ta, ta uku, a hankali, ba irin jifan yara ba, kamar mai jifan yana jira a saurara. Baba ya leƙa waje da takalmi ɗaya yana faɗa, bai ga kowa a layin ba. Da safe Umma ta zo shara ta tarar da tsakuwa takwas a ƙofar ɗakin 'yan matan, an jera su sahu biyu. Ta share su tana mita. Likita kaɗai ta gane jerin.

Ƙasusuwan ba na roba ba ne. Na Gwaggo ne.

Gwaggo gawar wata mata ce da ke kwance kan teburin rukuninsu a ɗakin fiɗa, inda ɗalibai ke koyon sassan jiki da wuƙa a hannu. Babu wanda ya san sunanta. An ce a bayan tasha aka tsince ta, ta daɗe a firji ba wanda ya zo nema, aka miƙa ta ga makaranta. Ranar farko Farfesa ya tsayar da su gabanta ya ce wannan ita ce malamarsu ta fari, su girmama ta fiye da shi. Wasu suka yi hawaye, wani ƙato ya zube sumamme. Kafin wata ya cika suna cin biskit a kanta, ana jingina littafi a ƙirjinta, wani mai neman suna ya raɗa mata Gwaggo, kowa ya shigo sai ya tambaye ta ko an tashi lafiya, a kwashe da dariya.

Sun fi talatin a kan tebur ɗaya. Mai ƙarfin kafaɗa shi ke gaba da wuƙa, sauran su leƙa ta ƙarƙashin hammatar juna, ido na zubar da ruwa saboda yajin maganin da ake jiƙa gawa da shi. Kullum musu ɗaya suke yi a hanyar fita. Wasu su ce ɓata lokaci ne, a waya ana ganin komai tas da launi, alhali a jikin Gwaggo jijiya da tsoka duk sun koma launin tsohuwar fata. Wasu su ce wanda bai sa yatsa ya taɓa ba bai san komai ba, haddar aku kawai yake yi. Likita tana tare da na biyun, ga shi ita gajeriya ce, yawancin abin da take gani a ɗakin bayan rigunan mutane ne.

Farfesa kuwa ba koyarwa yake shigowa yi ba, tambaya yake shigowa yi. Wata rana ya kira ta gaba, ya sa ta rufe ido, ya ɗora mata ƙashin wuyan hannu ɗaya a tafi ya ce ta faɗi sunansa da yatsunta. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta kasa. Ya karɓe abinsa ya ce wa ajin ba laifi ba ne, ba kowa aka halitta don wannan aiki ba, akwai shagunan ɗinki da yawa a gari suna neman yara. Dariyar da aka yi ta bi ta har gida. Ranar da suka gama darasin hannu ta yi jinkiri har kowa ya fita, ta yanke ƙasusuwan wuyan hannun Gwaggo na dama ta zuba a safar roba, ta jiƙa su a bilic a bayan gida har suka yi fari. Ta gaya wa kanta don ilimi ne, kuma matacce ba ya jin zafi.

Abin da ya shigo gidan bai taɓa zuwa da tsakar dare ba. Magariba yake zuwa, lokacin da haske bai gama tafiya ba, duhu bai gama zuwa ba, kowa yana farke yana kallo. Tsakuwa ta fara, sai wari ya biyo baya, wari mai yaji da ya sa Umma ta juye gidan tana neman mataccen ɓera. Daga nan Auta ta soma ajiye duk abin da ke hannunta in rana ta faɗi, ta shiga ɗaki ta kwanta a tsakiyar siminti, ƙafafu a haɗe, hannaye a miƙe gefe, tafuka suna kallon sama, ido a buɗe. Ba ta motsi, jikinta ya yi sanyi ƙalau. Can sai bakinta ya buɗe muryoyi su fito, na maza da na mata, ɗaya bayan ɗaya.

"Gwaggo, an tashi lafiya?"

"Matsa in gani mana."

"Miƙo wuƙar. Yanke kawai, ai ba za ta kai ƙara ba."

Umma tana kuka tana tofa mata addu'a, Baba yana tsaye a bakin ƙofa ya rasa inda zai sa hannunsa. A wurinsu surutun zautacce ne. Likita kuwa ta san mai kowace murya, ta san teburin da aka faɗi kowace magana, ta ukun ma tata ce. Ta tsaya bayan Baba ta yi shiru. Da isha'i ta wuce Auta za ta tashi tana miƙa, ta tambayi me ya sa kowa yake kallonta.

An kai ta asibiti, aka auna abin da za a auna, aka ce ba a ga komai ba. Likita ta yi niyyar mayar da ƙasusuwan, a nan dai dole a yi mata adalci. Ta shiga ɗakin fiɗa da gwangwanin a jaka, ta tarar da gawar wani tsoho kwance a teburinsu. Mai kula da ɗakin ya ce ragowar tsofaffin gawarwakin an tattara su a buhuna, na wannan da na wancan a haɗe, mota ta zo ta kwashe, shi bai san inda aka kai ba. Ta fito ta tsaya a bakin wata kwata mai zurfi, gwangwanin a hannu. Jarabawa ta matso, irin wadda ake soka allura a jikin ƙashi, ka faɗi suna kafin ƙararrawa ta kaɗa ka matsa gaba. Ta mayar da gwangwanin cikin jaka. Da rana, in Auta ta tafi shago, takan rufe ido ta riƙa juya su a yatsunta, da magariba kuma ta tsaya bayan Baba.

Da yarinyar ta soma ramewa har wuyanta ya fito, Umma ta ce ita fa ta gaji da jira, aka kira Malam. Dattijo ne mai karatu, ba mai hayaniya ba, ya daɗe yana wannan aiki. Ya zo kafin faɗuwar rana, ya yi sallarsa a tsakar gida, sannan ya shiga ɗakin ya zauna a wajen kan Auta, wadda ta riga ta kwanta kwanciyarta. Ya ce kowa ya zauna, kada a yi magana. Ya soma karatu ƙasa-ƙasa.

An daɗe ba abin da ya motsa sai labule. Sannan tsakuwa ta zubo kan rufin gaba ɗaya, warin ya cika ɗakin har Malam ya share ido, yatsun hannun Auta na dama suka soma buɗewa suna rufewa. Muryar da ta fito wannan karon ba ta ɗalibi ba ce. Tsohuwar murya ce ta namiji, busasshiya, kuma ba ta sauri.

"Ka daina ƙona ni, Malam. Ba zuwa na yi ba, kawo ni aka yi."

Malam ya gane aljani ne, ya tambaye shi ko wane ne, me yake nema a jikin yarinyar da ba ta yi masa komai ba. Aljanin ya ce sunansa ba zai amfani kowa ba. Ya ce matar da suke kira Gwaggo tasa ce tun tana budurwa. Shi ya raba ta da mijinta da 'ya'yanta, shi ya zaunar da ita a bayan tasha don kada kowa ya raɓe ta, ya faɗi haka ba kunya, kamar mai lissafa dukiyarsa. Da ta mutu ya zauna da ita cikin sanyi. Da aka kwantar da ita a tebur ya zauna a gefenta yana kallo ana buɗe ta kaɗan-kaɗan ana dariya, ya haɗiye, tunda dai tana wuri ɗaya. Sai wata ta zo ita kaɗai ta yanke wuyan hannun dama, wurin da yake shiga yake fita tsawon rayuwar matar.

"Ta kawo su nan ta jera a kan hannu mai ɗumi," in ji muryar. "Ko ɗaya ba ta kuskure ba, ƙwararriya ce. Na ga ƙofata a buɗe, na shiga."

Kan Auta ya juyo a hankali har idanun suka tsaya kan Likita. Likita ta tashi da kanta ta ɗauko gwangwanin ta ajiye gaban Malam, ƙasusuwan suka yi ƙara a ciki. Umma ta toshe bakinta da mayafi. Baba ya dubi gwangwanin, ya dubi 'yarsa, ya sunkuyar da kai.

Malam ya ce to an ji, an yi kuskure, za a naɗe su a farin ƙyalle a binne yadda ya kamata, shi kuma ya fita ya bar yarinya. Aljanin ya yi wata 'yar dariya ta cikin maƙogwaro. Ya tambaya a binne su kusa da wa, alhali sauran jikin an zuba shi a buhu tare da na mazan da bai sani ba. Ya ce ba shi da wurin komawa, zai dai tafi, amma ba hannu rabbana ba. Hannu aka ɗauka masa, da hannu zai tafi.

Malam ya ce shi ba ya ciniki da azzalumi, ya ɗaga murya ya ci gaba da karatu. Jikin Auta ya banƙare har bayanta ya bar ƙasa, haƙoranta suka datse, jini ya soma bin hancinta yana gangarawa kunne. Malam bai tsaya ba. Leɓunanta suka soma yin baƙi, numfashin ya koma ɗaya-ɗaya, Likita kuwa ta san ma'anar wannan launi. Sai Malam ya dakatar da karatun. Ya juyo ga Baba ya faɗa masa gaskiya, cewa zai iya ƙona shi da yardar Allah, amma bai san wanda zai riga wani ƙarewa ba, aljanin ko yarinyar.

Jikin ya sauko ƙasa. Hannun dama ya ɗago, ya miƙo wajen Likita, tafin a buɗe, har yanzu da ragowar shuɗin biro a tsakanin layukansa.

"Wadda ta yanka ta sa hannunta cikin nawa, in tafi da shi," in ji muryar. "In ba ta sa ba, in tafi da wanda nake ciki. Duk ɗaya ne a wurina."

Likita ta matsa gaba a kan gwiwoyinta. Da gaske ta matsa, ta ɗaga hannun ma, tana kallon yatsunta, yatsun da suka haddace ƙasusuwa takwas a rufe da ido. Saura kaɗan sai ta ji an riƙe wuyan hannunta. Baba ne. Bai dube ta ba, bai dubi Auta ba, bango yake kallo.

"Hannun likita ne," ya ce.

Umma ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, ba ta ce a'a ba.

Riƙon ba mai ƙarfi ba ne. Shekarun baya ƙarfe ya taɓa danne wa Baba babban yatsa, tun daga nan ba ya damƙa da kyau, kowa a gidan ya sani, ko murfin kwalba Auta ke buɗe masa. Likita ta fi kowa sani. Ta san tsokar da ta mutu a yatsan, ta san sunanta, ta san in ta murɗa hannunta ta ɓangaren babban yatsan zai zame kamar an shafa mai. Ta tsaya tana jin ɗumin tafin mahaifinta, tana jin wani sauƙi yana shigarta, sauƙi mai ƙazanta, da aka samu wanda ya riƙe ta. Ba ta murɗa ba.

Aljanin ya jira. Ya ba ta lokaci mai yawa, fiye da yadda take so. Sannan idanun suka koma kan Malam.

"Ni kake kira azzalumi," ya ce.

Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, hannun ya faɗi kan siminti. Warin ya ɗauke kamar an buɗe taga. A waje wani yaro yana kiran ɗan'uwansa, wata mota ta wuce, gari ya koma gari. Malam ya ɗauki gwangwanin ya sa cikin aljihu, ya shafa kan yarinyar ya yi mata addu'a mai tsawo, ya fita bai yi wa Baba sallama ba.

Ba a sake jifa a gidan ba. Auta ta tashi ba ta tuna komai, ta ci abinci, ta soma mayar da jikinta. Hannun ne kawai bai tashi tare da ita ba. Yatsun suka lanƙwashe suka ƙi miƙewa, naman da ke tsakanin ƙasusuwa ya zube ya bar ramuka, ko allura aka soka ba ta ji. Aka ce mata ciwon ne ya sauka a nan, ta gode wa Allah da bai tafi da ranta ba. Matar shago ta jira ta na ɗan lokaci, daga baya ta ɗauki wata. Umma ta lulluɓe keken ɗinkin gida da tsohon zani, aka soma ɗora kwanuka a kai.

Likita ta ci jarabawar ƙararrawa ba ta rasa ko ɗaya ba. A ta baki kuma Farfesa da kansa ya zauna gabanta, ya tambaye ta yadda hannu yake zama in jijiyoyinsa suka mutu. Ta faɗa masa yatsan da ke fara lanƙwashewa, da inda rami ke fara bayyana, da yadda fata ke yin santsi ta daina gumi, da yadda mai hannun ke ƙonewa da kofin shayi bai sani ba sai ya ga tabo. Farfesa ya cire tabarau ya dube ta da kyau, ya ce wannan ba daga littafi ba ne, ta taɓa gani da idonta. Ta ce eh. Ya ce haka ake koyon wannan ilimi, a kan mutum, da ma sauran za su yi koyi da ita.

Ta iso gida rana tana faɗuwa. Baba ya riga ya gaya wa duk layin ta ci jarabawa, Umma ta yi girki na musamman. Likita ta zauna a ƙofar ɗakinsu, littafin zango na gaba a gefenta, ta kasa buɗewa. Tun ranar Malam ba ta yarda sun zauna su biyu ba. Sai ga Auta ta fito tana murna, ta zauna kusa da ita, ta ce ta ji an ce akwai wata jarabawar a gaba, kuma ta lura Yaya ta daina zane. Ta ɗago mataccen hannun da na hagu, ta ɗora shi a gwiwar Likita, ta lalubo biro ta miƙa mata.

"Ki zana abinki, Yaya," ta ce. "Yanzu ba ya min cakulkuli. Ko motsi ba zai yi ba."

Aka soma kiran sallah. Likita ta saurari rufin, tana jira, har tana roƙo a ranta ko tsakuwa ɗaya ta faɗo. Babu abin da ya faɗo. Ta karɓi biron ta cire murfin, layin ya tafi a miƙe tun daga wuyan hannu har ƙarshen yatsa.